Waƙar da Ta Tsaya a Bakin Rafi

Ƙauyen Dolmaru, Gurye
3 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Gilja, a Duisburg,

Ina gaishe ki gaisuwar ƙarama ga babba, da hannu biyu. Ina fata wannan takarda ta same ki ƙafarki da sauƙi, kuma sanyin Jamus bai shiga ƙashinki ba tukuna. Kowace safiya idan na ɗora kwanon ruwa a kan randar tsakar gida ina roƙa wa mutanena lafiya, sunanki yana cikin waɗanda nake kira. Na san ba hanyarki ba ce. Ke ma ki sa ni a addu'ar cocinku, sai mu tashi babu wanda ya fi wani.

Ga labarin gida. Ɗana Taegon lafiyarsa ƙalau, yana nan yana walda a wurin ƙera jiragen ruwa a Mokpo, sai dai kunnensa na hagu ya fara nauyi, kuma ba ya yarda a faɗa. An yi wa matarsa aikin cire tsakuwa a ciki watan jiya, ta tashi, har ta koma yi masa faɗa, kin ga kuwa ta warke. 'Yarsu Sulbi za ta zauna babbar jarrabawa nan da kwana goma, gidan nasu kowa da sanɗa yake tafiya. Maƙwabciyata 'Yar Hadong ta faɗo daga tsani tana tsinkar kanya, ta karya wuyan hannu, ni nake fere mata nata ina ratayewa tare da nawa. Tsoho Ma, wanda yake riƙe gaban makara a zamanin da mijina, ƙaninki, yake yi wa gawa waƙar rakiya, yana gidan tsofaffi a gari, jikin da ƙarfi amma kan ya tafi. Ni kuwa gwiwa ce kawai, da sukari da likita ya ce ya ɗan hau. 'Yata Yonju lafiya lau take, ta rame kamar tsinken cin abinci, kuma saboda ita nake rubuto miki.

Kafin nan, kada ki yi mamakin rubutun. Nawa ne. Shekara arba'in da wani abu duk takardar da ta zo miki daga gidan nan hannun ƙaninki Manho ce, ni sai dai in tsaya a kansa in ce ka gaishe ta. Da ya rasu na ga ko takardar magani ba na iya karantawa, sai na shiga ajin tsofaffi a ofishin gunduma. Mu goma sha ɗaya ne, ƙaramarmu shekararta sittin da biyar. Malama No ta ce hannuna yana da nauyi kamar ina shuka tafarnuwa, amma ana karantawa. Yau kwana tara ke nan ina kan wannan takarda, na cinye roba guda ta gogewa. Da waya zan kira ki, to amma na san ki, da kin ji inda maganar ta nufa za ki ce kunnenki ba ya ji, ki ajiye. Takarda kuwa ko kin ajiye ta tana nan a kan tebur tana kallon ki.

Kin san Yonju kiɗa take yi a Seoul. Da na ce miki a waya malamar kiɗa ce, ba ƙarya na yi ba, tana koya wa yara jita da rana, amma wannan na cin abinci ne. Ainihin abin da ta sa a gaba shi ne ƙungiyarsu, su huɗu, mai suna Hazon Talata. Na tambaye ta me ya faru ranar Talatar, ta ce ba komai, Mama, suna ne kawai. Ba sa fitowa a talabijin kamar yaran nan masu rawa a jere. Ta ce su ba su da kamfani a kansu, su ke rubutawa, su ke bugawa, su ke ɗaukar kayansu a jirgin ƙasa. Irin kiɗan nasu kuma wai saikedelik ake ce masa. Na sa ta rubuta min kalmar a littafina na kai wa Malama No. Ta duba a wayarta, sannan ta ce wai kiɗa ne da yake sa mutum ya ji kamar yana mafarki ido biyu, kamar wanda ya sha wani abu. Yaya, kwana uku ban ci abincin kirki ba. Da Yonju ta zo hutun Cusok, bikin girbi, na jira ta shiga wanka na zazzage jakarta ina sansanawa. Abin da na samu alewar maƙogwaro ce, da safa ƙafa ɗaya. Ta kama ni a kai, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta ce kuɗin shinkafa ma da ƙyar, ina ta ga na lalacewa.

A wannan zuwan ne ta buɗe akwatin ubanta ta ga kaset ɗin. Kin san wanne. Na shekarar da kika zo gida da marigayi mijinki Detlef, aka yi jana'izar Tsoho Bang, Detlef ya bi makara da na'urarsa a kafaɗa yana ɗaukar waƙar ƙaninki. Ranar da za ku tafi ya sa wa Manho kaset ɗaya a aljihu ba ki sani ba. Manho bai taɓa saurarensa ba, ya ce ba a kunna waƙar makara a ɗakin da ake kwana. Yonju ta roƙe ni in ba ta. Na yi tsammanin so take ta ji muryar ubanta idan kewa ta dame ta, sai na ba ta. Bayan wata guda ta kira ta ce in zo Seoul, akwai abin da take so in ji kafin su ɗauke shi a faifai.

Na tafi da kimci, kabejinmu mai tsami da yaji, roba biyu, da littafina, domin na ƙudura duk abin da ban gane ba sai na tambaya. Wurin wasan nasu a unguwar Hongdae yake, a ƙarƙashin wani shagon gyaran gashi, matakala goma sha tara zuwa ƙasa, gwiwata ta ƙirga min su. Na isa da rana suna gwaji. Mai gangarsu wani ƙato ne, Pilsu, da ya gan ni ya rusuna har goshinsa ya kusa dukan ganga, ya kira ni Mama, ya karɓe kimcin ya rungume kamar jariri. Yonju ta ce masa, kai bijimi, na mutum huɗu ne, ya ce ai ya sani, shi ne mutum ukun. Shi ne ya ba ni wani soso na toshe kunne. Na ce ku kuna kiɗa kuna kuma raba abin toshe kunne, wannan wace irin sana'a ce? Ya ce haka mai sayar da abinci mai barkono yake ajiye ruwa a tebur.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙasa. A gaban ƙafar Yonju akwai ƙananan akwatuna goma sha ɗaya, kowanne kamar sabulu, an haɗa su da wayoyi. Jitar tana hannunta amma rabin kiɗan da ƙafa take yin sa. Na sa ta taka min su ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa. Wani yana sa sautin ya yi kauri kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Wani yana sa shi rawar ɗari. Wani yana sa ka ji kamar daga ƙasan rijiya ake buga shi. Wani kuma, ban yarda ba sai da ta maimaita, yana juya sautin ya taho da baya, ƙarshe ya riga farko. Na ce to me ya sa ba za ki buga shi daidai ba tun farko? Ta ce daidai ɗin kowa ya riga ya ji. Na ƙarshen ja ne, shi kuma kama murya yake yi ya riƙa maimaita ta ba gajiya. Ta ce in yi magana a makirufo. Na rasa abin faɗi na ce kin ci abinci? Sai ɗakin ya cika da ni ina tambaya kin ci abinci, kin ci abinci, kin ci abinci. Pilsu ya ce yanzu ya gane yadda Yonju ta taso.

Akwai kuma wata yarinya a bayan ɗakin da faranti biyu na gilashi a kan fitila. Tana ɗiga ruwa mai launi da mai a tsakaninsu tana matsawa a hankali, sai hoton ya fito a bango, ja da kore suna haɗiye juna suna rabuwa. Na daɗe a tsaye kanta. Na ce wannan ai idon mai ne a kan miya. Ta ce shi ne fa, Kaka. Na tambaye ta ko man riɗi ne, ta ce a'a, man shafa wa jarirai. Na ce ta gwada na riɗi, ya fi yin ido ƙanana. Ta rubuta a bayan hannunta. Shekara hamsin ina kallon wannan abu a tukunya ban taɓa sanin abin kallo ba ne.

Ƙarfe biyar na yamma aka buɗe ƙofa. Mutum kamar saba'in suka shigo, yara ne sa'o'in Yonju da na ƙasa da ita, sai wani mai furfura ɗaya da jakar ofis. An ajiye min kujera a gefe. Na zaci za su yi tsalle-tsalle, amma ba su yi ba. Tsayawa suka yi, da yawansu ido rufe, suna lilo a hankali kamar sha'ir idan iska ta biyo kwari. Waƙoƙin dogaye ne, ba ka sanin inda ɗaya ta ƙare. Wani lokaci abu ɗaya za su yi ta bugawa har ka ce sun manta sauran, sai ka lura ashe yana canzawa kaɗan-kaɗan. Ba zan ce miki na ji daɗi ba, ba kuma zan ce ban ji ba. Na cire soso ɗaya na bar ɗaya. Abin da na lura shi ne a ƙirji nake jin sa fiye da kunne, kuma na manta da gwiwata.

Sai Yonju ta ce ta ƙarshe, ta ubanta ce. Aka rage fitila. Na ji ƙararrawa, irin kaɗawarsa, biyu a hankali ɗaya da sauri. Sannan muryarsa. Yaya, ba muryar tsohon da na yi jinya ba, muryar Manho mai shekara talatin da takwas, wadda take tsallaka gonaki ta iske ni a bakin murhu. Ya ja baitin fita daga gida, inda mamaci yake sallama da ƙofa da rijiya, sai jitar ta ba shi amshi a madadin masu ɗaukar makara. Pilsu yana buga ganga daidai takun mutum goma sha biyu masu kaya a kafaɗa. Ban san wa ya koya masa ba. Daga baya ya ce a cikin kaset ɗin ya ji takun, a ƙarƙashin muryar. Can sai yaran nan, waɗanda ba su taɓa ganin makara ba sai a hoto, suka fara ba da amshin da bakinsu. Saba'in ɗinsu. Na ce a raina ashe dai an samu masu ɗauka.

Aka wuce baitin bishiyar bakin gari, aka zo rafi. Kin tuna baitin, inda makara take tsayawa, yake ce wa mamaci ya tsaya ya waiwaya, domin daga tsallake ba a hango rufin gida. Ina jira ya kaɗa ƙararrawa sau uku a tsallaka. Sai na ga Yonju ta taka jan akwatin nan. Tsaya ka waiwaya. Tsaya ka waiwaya. Tsaya ka waiwaya. Kiɗan yana ta hawa yana kumbura, launuka suna juyawa a bango, shi kuwa yana nan a bakin ruwa. Na duba agogon hannuna, minti goma sha biyu. Sannan muryar ta yi ta nisa har ta ɓace, aka kunna fitila, suka kama tafi. Tafi, Yaya, ga makara a tsakiyar hanya. Bai ishe su ba suka fara ihu wai a sake, a sake. Na ga Yonju ta kalli Pilsu za su sake ɗin. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ba a komawa da makara gida a sake ɗauko ta! Muryata ta fi yadda na zata, makirufo yana kusa. Mai furfurar nan da jakar ofis shi kaɗai ya sunkuyar da kai, ina jin shi ya gane.

Bayan an watse muka je cin miyar ƙashi a kusa. Da aka kawo abinci Yonju ta ce na kunyata ta a gaban mutanenta. Na ce ke kuma kin bar ubanki a bakin rafi. Ta ce wane irin bari, ai nan waƙar ta ƙare, kaset ɗin ma nan ya tsaya. Sai na gane ba rashin kunya ba ne, rashin sani ne. Makara ta ƙarshe da aka ɗauka a Dolmaru, lokacin Yonju tana 'yar shekara shida. Na ajiye cokali na jera mata hanyar da ƙananan kwanukan da ke tebur: ga gida, ga bishiya, ga rafi, ga hawan dutse, ga kabari inda ake waƙar daɓe, maza suna zagayawa suna taka ƙasa har ta yi tauri, a gaya wa mamaci ya iso, ya kwanta. Na ce ubanki ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya bai taɓa ajiye waƙa a rabi ba, domin wanda aka fara rakawa ba a ƙarasa ba, ba ya gida ba ya can. Pilsu ya daina tauna. Yonju ta daɗe tana kallon kwanon da na sa a matsayin rafi, sannan ta ce a hankali, ita ta zaɓi wurin ne don ya fi ko'ina daɗi, kuma idan yana maimaitawa ji take kamar bai tafi ba. Na ce na sani. Ni ma shekara uku na bar takalminsa a bakin ƙofa. Sai ta ce to Mama, rera min sauran.

Ban san sauran ba. Kin san mu mata a bakin rafi muke juyawa. Shekara ashirin ina bin sa a baya, in tsaya a wannan gaɓar in ga makara ta tsallaka, in koma in dafa wa masu dawowa abinci. Daga dutsen amo kawai yake isowa, ba kalma. Ban taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa faɗa ba, ba abin hira ba ne a kan shinkafa. Da na dawo gida na shiga mota na je wurin Tsoho Ma da littafina. Na rera masa baitin rafi, idonsa ya buɗe, ya ba ni amshi daram, kafaɗarsa ta dama har ta sauka kamar an ɗora masa itace. Na ce to sai me, Kawu? Ya ce a tambayi Manho, shi ne mai ƙararrawa. Na ce Manho ya rasu. Ya ce to wa ya rera masa?

Ba wanda ya rera masa, Yaya. Ban taɓa gaya miki yadda aka yi ba, lokacin annoba ne, ba jirgi, kina kuka a waya, ban so in ƙara miki. Mutumin da ya raka mutum fiye da ɗari biyu da bakinsa, a baƙar mota aka ɗauke shi daga asibiti, mu takwas da takunkumi a fuska. Motar haƙa ce ta tona kabarin, ita ce kuma ta danne ƙasar da bayan cokalinta, minti biyar an gama. Direban yana sauri zai je wani aikin. Na hau dutsen a ranar, karo na farko a rayuwata, ban ji komai ba sai ƙarar inji. Shi ya sa da yaran nan suka ba da amshi a wannan ramin na Seoul na ji kamar yanzu ne aka ɗauke shi. Kuma shi ya sa ba zan yarda a ɗauke shi a faifai, a raba wa duniya, yana tsaye a bakin ruwa duk lokacin da wani ya kunna ba.

Yanzu na zo inda kike ajiye waya. Kaset biyu Detlef ya cika a ranar. Na farko ya ƙare a rafi, ya canza, ya tsallaka da su, ke ma kika tsallaka domin ki yi masa tafinta, matan gari suka yi wata guda suna maganar. Na biyun ya tafi Jamus a jakarsa. Na tuna abin da ya biyo baya da yamma, ina bayan ƙofa da tire a hannu. Kin ce wa ƙaninki kin gaya wa dangin mijinki manomi ne, ga shi ya tsaya gaban gawa yana kaɗa ƙarfe kamar boka. Kin ce abin da ya hana a nemi aurenki a ƙauye ke nan lokacin da mahaifinku yake riƙe da ƙararrawar, yara suna ce miki 'yar mai gawa, har kika tafi aikin jinya ƙasar da ba wanda ya san ku. Shi kuma ya ce miki ai ke ma gawa kike wankewa a asibitin Turawa, bambancin kawai ke ba kya musu waƙa. Bai kamata ya faɗa ba. Ya sani. Duk takardar da ya rubuta miki bayan nan sai ya daɗe da alƙalami a sama kafin ya rufe, ina tsaye ina gani, a lokacin ban iya karatu ba balle in san abin da ya bari. Ban tono wannan don in ɓata miki rai ba. Na tono ne don ki san na san nauyin abin da nake roƙo.

Ki duba min kayan Detlef. Mutum ne mai ajiya, na tuna har takardar alewa ninkewa yake yi. Idan kaset ɗin yana nan, ki ba 'yarki Annika ta aiko, Yonju ta ce ko ta waya ma ana iya turo sautin, su sun san yadda ake yi. Idan kuwa kin jefar tun tuni, ba zan ga laifinki ba, amma ke kin ji waƙar. Kin ji ta a ranar, kuma kin ji ta tun kina yarinya, Manho ya gaya min ke kike kai wa mahaifinku ruwa kan dutse kafin ki yi girman da za a hana ki. Ki rubuto min baitin tsallakawa, da na hawa, da na daɓe, ko rabi-rabi ne. Ki yi manyan baƙaƙe. Zan iya karantawa yanzu.

Taegon bai so ba. Ya ce mu bar Baba ya huta, me ya haɗa mamaci da kiɗan 'yan ƙarƙashin ƙasa. Na ce masa hutun nake nema masa. Ni kaina akwai abubuwan da nake ta juyawa. Ko ya halatta mace ta kaɗa ƙararrawar? Yonju ta roƙe ni ita, tana nan a rumbu a naɗe cikin tsumma inda ya bar ta, na ce ba za ta taɓa ta ba sai waƙa ta cika. Ko mamaci yana jin amshin da aka ba shi da jita? Na tambayi Malama No, ta ce ita baƙaƙe aka ɗauke ta ta koyar. Ke da kika zauna kusa da masu mutuwa shekara talatin, me kika gani? Ina son in sani da gaske. Wani abin kuma, yaran nan da ba su rasa abinci ba, ba su ga yaƙi ba, me yake sa su biya kuɗi su shiga rami su rufe ido a yi musu kiɗa mai kama da rakiya? Na tambayi yarinyar mai faranti, ta ce a waje kowa gudu yake yi, nan ne kaɗai ake tafiya a hankali. Na rubuta wannan ma.

Sun kama ɗakin ɗaukar faifai ranar bakwai ga Disamba, kuma Yonju ta ce suna buƙatar mako guda su koyi sabon ɓangaren. Ta yi min alkawari idan ba a samu ƙarshen ba za ta cire waƙar gaba ɗaya, ta dawo min da kaset ɗin in mayar akwati. Ta faɗa tana kallon gefe, na san abin da zai ci mata. Ni ma zai ci min, domin ba za a sake tara masa mutum saba'in ba.

Ki gaishe min da Annika da mijinta Jonas, da ƙaramin nan Emil, ki ce hular da na saƙa masa tana tafe tare da busasshiyar kanya idan ta yi. Ki gaishe da Madam Pyo ta cocinku wadda take raka ki asibiti. Taegon da matarsa da Sulbi suna gaishe ki. 'Yar Hadong ta ce in gaya miki har yanzu tana da man shafawar da kika ba ta, ba ta buɗe ba, tana jiran biki. Yonju ta ce in rubuta cewa tana rusuna wa Gwaggo. Pilsu ma ya ce a gaishe ki duk da ba ki san shi ba, wai idan kin zo zai ba ki soson kunne sabo.

Ina roƙon amsarki ta iso ni kafin ranar ɗaya ga Disamba. Ko a'a ce ki rubuto, zan karanta da kaina. Ni iyakata rafi, Yaya, daga nan ban san hanya ba. A duk waɗanda suka rage da rai da hankali ke kaɗai kika tsallaka tare da waƙar. Ƙaninki yana tsaye a wannan gaɓar, ruwan kuma ya fara sanyi. Ki zo ki kama hannunsa.

Matar ƙaninki, Uwar Taegon,
Yang Jomrye, da hannunta.